Daren Da Wayar Inna Ta Kurumce

Yau ba darasin "shiga nan, danna can" na kawo muku ba. Labarin wani kuskure ne da na yi da hannuna, wanda saura ƙiris ya jawo mana rashi a gida. Shi ne kuma dalilin da ya sa na zauna na karanci wani ɗan abu da ke cikin wayar kowannenmu, wanda sau da yawa bai kai ƙwayar gero girma ba. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, akwai abin amfani a ciki, musamman ga mai 'yan uwa a ƙauye.

Ina shekara ta biyu da fara koyon gyaran waya a Kano, Inna ta aiko min da wayarta daga gida, gilashin ya fashe. A lokacin ina ji da kaina. Sauya gilashi ai ba aiki ba ne a wurina, minti talatin na gama. Duk wanda ya taɓa buɗe waya ya san akwai wata 'yar siririyar igiya, fara ko baƙa, da ke bin gefen batir. Ita ce ke ɗauko siginal daga eriyar da ke ƙasan waya ta kai shi babban inji. A bakinta akwai ɗan maɓalli kamar na riga, wanda idan ya zauna daidai za ka ji ya ce ƙas. Ranar bai ce ƙas ba. Na danna shi da hantsaki, na ga kamar ya zauna, na rufe waya. Na sa layi, sabis ya cika taf. Na kira abokina, muka gaisa, magana garau. Na ba direba a tasha ya kai mata.

Bayan kwana biyu ta kira ni da wayar wani. Ta ce, "Kai, wayar nan tun da ka gyara ta sai na hau tudun bayan gari take kamawa. Da kuwa a gindin darbejiyar ƙofar gida nake kiranka."

Na ce, "Inna, ba daga wayar ba ne, kamfanin ne. Kowa kuka yake da sabis kwanan nan."

Ta ce to. Uwa ce, ɗanta ya ce ya sani.

Mako uku bayan haka naƙuda ta kama ƙanwata da misalin ƙarfe ɗaya na dare. Mijinta ya tafi ci-rani, ita ta dawo gida goyon ciki. Jini ya ɓalle. Mai motar da ake kira yana garin gaba, kuma lambarsa tana cikin wayar Inna. Ta fita gindin darbejiya, babu sabis. Ta ɗaga wayar sama, ta zaga gida, babu. Tsohuwa ba za ta hau tudu cikin dare ta bar 'yarta kwance ba. Sai da aka yi ta bugun ƙofar maƙwabci har ya tashi, aka kwafi lambar, aka kira da 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila. A gindin wannan darbejiyar dai, kuma layin kamfani ɗaya. Kusan awa guda ta tafi a haka. An kai ta asibiti, an ƙara mata jini, ta tashi, yaron ma ya rayu, yanzu har ya shiga makaranta. Amma da na je barka, Inna ta miƙo min wayar ta ce, "Ta maƙwabci tana ji, tawa ce ta kurumce." Ba ta ƙara komai ba. Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Da na dawo na ba maigidana wayar, ban ɓoye masa komai ba. Ya buɗe, ya sa madubi, ya nuna min maɓallin nan a karkace, bakinsa ya lanƙwashe, taɓawa kawai yake yi. Na ce, "Amma Oga, na gwada fa, sabis ya cika." Ya ce, "A kasuwar nan da ƙarfen sabis yake kanmu? Ko ƙusa ka soka a wurin eriya za ta kama. Ba a gwada kunne a gaban makaɗi."

Wannan maganar ce ta tura ni karatu. Ga abin da na fahimta.

SIGINAL RAƊA CE

Muna ganin sanduna huɗu a saman waya mu ɗauka wani abu ne mai ƙarfi ke shigowa. Ana auna ƙarfin siginal da wani ma'auni, dBm, kuma a waya lambar tana zuwa da alamar ragewa a gabanta. Kusa da ƙarfen sabis za ka ga kamar -70 ko -80. A ƙauye irin namu za ka ga -110, har -120. Duk ragin 10 yana nufin ƙarfin ya ragu sau goma. Duk ragin 3 yana nufin rabi ya tafi.

Siginal mai -100 dBm, idan ka kwatanta shi da ƙwan fitila mai wat 10, ƙwan ya fi shi ƙarfi sau tiriliyan 100. Na GPS ya fi haka rauni. Taurarinsa suna nisan kusan kilomita 20,200 a sama, kuma abin da ke isowa wayarka yana wajen -130 dBm, wato ya gaza wancan sau dubu. Da wannan raɗar wayarka ke nuna maka kwanar da za ka sha.

To me ya hana a ƙara mata ƙarfi kawai? Ai amfilifaya ba wuyar ƙerawa gare ta ba. Matsalar ita ce hayaniya. Ka tuna lasifikar biki, idan aka ƙure murya babu mai magana, za ka ji "shuuu". Wani ɓangare na wannan shuu ɗin daga cikin kayan da kansu yake fitowa. Duk abin da lantarki ke bi ta cikinsa, matuƙar yana da ɗumi, ƙwayoyin lantarkin cikinsa ba sa zama wuri ɗaya, kai-kawo suke yi babu tsari, kuma wannan kai-kawon shi ne hayaniyar. John Johnson ne ya auna ta a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, Harry Nyquist ya fitar da lissafinta, suka wallafa a 1928. Babu gwanintar da za ta kawar da ita ɗungurungum. Iyakaci a yi ƙoƙarin kada a ƙara mata da yawa.

NA KUSA DA SARKI

A fada, sarki ba ya ɗaga murya. Yana magana ƙasa-ƙasa ta bayan amawali, wani na kusa da shi ya ji ya ɗaga wa jama'a. Na bakin zaure ya ɗauka ya isar wa na waje. Idan na waje ya ɗan yi tari a tsakiyar magana, ba a rasa komai ba, don maganar ta riga ta yi ƙarfi. Amma idan na kusa da sarkin nan ne kunnensa ke kuwwa, to abin da ya ji ba daidai ba shi za a yi ta ɗagawa har bakin kasuwa.

A cikin waya, na kusa da sarkin shi ne amfilifaya ta farko bayan eriya. A takardun gyara za ka ga an rubuta LNA, ma'ana amfilifaya mai ƙarancin hayaniya. Wani injiniya ɗan asalin Denmak, Harald Friis, shi ma a ɗakin binciken Bell, ya rubuta lissafin wannan a 1944. Taƙaitawarsa: hayaniyar mataki na farko tana shiga gaba ɗayanta, amma ta mataki na biyu ana raba ta da yawan ƙarfin da na farko ya ƙara.

Bari in ba da misali da lambobi masu sauƙi. A ce amfilifayar da ba ta ƙara hayaniya ko kaɗan makinta 1 ne. A ce LNA ɗinmu makinta 1.3, kuma tana ninka siginal sau 100. Matakin da ke bayanta mai hayaniya ne sosai, makinsa 10. Lissafin Friis ya ce ka cire 1 daga 10, ka raba 9 ɗin da 100, ka samu 0.09, ka tara da 1.3. Jimilla wajen 1.4. Kun gani? Mai maki 10 ɗin nan ya kusa ɓacewa, saboda na gabansa ya yi aikinsa.

Yanzu ga inda ya shafe ni. Duk asarar da aka yi kafin siginal ya isa LNA, babu mai maido da ita. Idan maɓalli ya karkace ya cinye rabin siginal, makin nan ya tashi daga 1.4 ya koma 2.8. Idan kashi tara cikin goma ya cinye, ya koma 14. A birni akwai rara mai yawa, ba za ka lura ba. A gindin darbejiyarmu babu rarar ko kaɗan. Ɗan abin da ya rage tsakanin "ana ji" da "ba a ji", shi na zubar da hantsakina.

WACE TRANSISTA ZA A SA A GABA?

Zuciyar LNA transista ce, wani lokaci ɗaya ko biyu kacal. Tun da aka ƙirƙiro transista a 1947 an samu iri-iri, kuma kowacce da irin hayaniyarta. Da na fahimci wannan sai na daina ganin injiniyoyin nan a matsayin masu neman "wadda ta fi kowacce kyau". Wadda ta dace da wurin suke nema, kamar yadda ba ka ɗaukar garma ka je yankan ciyawa.

Akwai BJT, tsohuwar hannu. Da ɗan lantarki kaɗan tana ba da ƙarfi mai yawa, kuma tana da natsuwa a sautuka na ƙasa. Aibinta, sai an riƙa ɗura mata ɗan lantarki ta ƙofar shiga, shi kuma lantarki ba kamar ruwan famfo yake zuba ba, ɗigo-ɗigo yake zuwa kamar yayyafi a kan kwano. Walter Schottky ya bayyana wannan irin hayaniyar tun 1918. Saboda haka BJT ta fi dacewa da tushen da ke iya ba da lantarki ba tare da wahala ba, kamar makirfon hannu irin na mawaƙa, ko eriya.

Akwai JFET. Ita kusan ba ta shan komai ta ƙofar shiga, leƙe kawai take yi. Shi ya sa ake sa ta cikin ɗan ƙaramin makirfon nan mai kama da maɓalli da ke jikin yawancin iyafis masu igiya, wanda siginal ɗinsa ko ɗan ja aka yi masa sai ya zube.

Akwai MOSFET, wadda Mohamed Atalla ɗan Masar da Dawon Kahng ɗan Koriya suka ƙera a 1959. Ita ce ta cika wayarka, biliyoyi a ƙwaƙwalwa ɗaya, don arha gare ta kuma tana ƙanƙancewa. Amma lantarkinta a saman silikon yake gudu, dab da wani siririn rufi, kuma a wannan iyakar akwai 'yan ramuka da ke cafke ƙwayar lantarki su sake ta lokacin da suka ga dama. Wannan yana haifar da wata hayaniya da ke tsananta a sautuka na ƙasa, tana raguwa yayin da ake hawa sama. Don haka mai ƙera amfilifayar sauti ko ta auna bugun zuciya da MOSFET yakan faɗaɗa transistar gaba, don cafke-cafken su yi yawa su danne juna. Mai aiki a gigahaz kuwa wannan ba ita ce babbar damuwarsa ba.

Akwai wadda aka cakuɗa silikon da jamaniyom, dangin BJT ce amma ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Kamfanin IBM ya yi fice wurin kawo ta kasuwa a shekarun 1990. Da yawa daga ƙananan LNA na GPS da ita ake yi, kuma hayaniyar da suke ƙarawa ba ta kai 1 dB ba.

Sai HEMT, wadda Takashi Mimura na kamfanin Fujitsu a Japan ya fito da ita a 1980. Dabararta ita ce an ware wa ƙwayoyin lantarki hanya mai tsabta, nesa da abubuwan da suke karo da su, sai su yi gudu babu tuntuɓe. Kuna da ita a gida ba ku sani ba. Wannan kan da ke gaban dish, LNB, ita ce a bakin ƙofarsa. Tauraron talabijin yana nisan kusan kilomita 35,786, yana aiko da siginal tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75. LNB yana ƙara masa ƙarfi nan take a bakin kwanon, ya sauko da shi tsakanin megahaz 950 da 2150, sannan a tura shi doguwar igiya zuwa dikoda. Da a falo aka ajiye amfilifayar, da igiyar ta cinye siginal kafin ya iso. HEMT na cikin abubuwan da suka sa aka iya komawa ƙananan kwanuka.

JAN IGIYAR DA BA YA ƘAREWA

Zaɓen transista rabin aikin ne. Idan ka ƙara mata lantarki takan yi shiru, amma batir ne zai biya, kuma akwai inda ƙarin ba ya ƙara komai. Idan ta yi ƙanƙanta da yawa akwai hayaniya, idan ta yi girma da yawa ta yi nauyin motsi. Sai an lalubo tsakiya.

Sannan dole bakin LNA ya dace da hanyar eriya, wadda aka saba yi a kan om 50, in ba haka ba wani kaso na siginal ya yi tsalle ya koma. Hanya mafi sauƙi ita ce a dasa resista mai om 50 a wurin. Amma resista ita ce uwar hayaniyar Johnson, kamar ka ɗauko maroƙi ka zaunar kusa da mai sauraron raɗa. Sai aka koma ga dabarar sa ɗan koyil a ƙafar transista, wanda ke sa eriya ta ga kamar om 50 ne a gabanta ba tare da an sa resistar gaske ba. Wani aiki da Derek Shaeffer da Thomas Lee na Jami'ar Stanford suka wallafa a 1997, kan LNA ta gigahaz 1.5 don GPS, ya yi suna wurin bayyana yadda ake wannan da MOSFET mai arha.

Na ƙarshe shi ya fi ba ni mamaki. A 4G wayarka tana iya aika siginal mai ƙarfin 23 dBm, kuma a layuka da yawa a daidai wannan lokacin take sauraron -100 dBm. Bambancin ya haura sau tiriliyan ɗaya. Mutum ne yake ihu iya ƙarfinsa, kuma yana son jin raɗa daga bayan gari. Dole a sa matata a gaban LNA don kare ta daga ihun, ita kuma matatar tana cin nata kason na siginal. Kowane gyara da farashinsa.

Masu binciken sararin samaniya su suka kai abin ƙarshe. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 ya wuce kilomita biliyan 24 daga nan, kuma na'urar aikensa wajen wat 23 ce. Ana jin sa da kwanuka masu faɗin mita 70 a Kalifoniya da kusa da Madrid da kusa da Kanbera, an sanyaya amfilifayar gaba fiye da digiri 250 ƙasa da sifiri, don ƙwayoyin lantarkin su lafa. Ana jin kumbo daga can, ni kuma na hana uwata jin garin gaba.

ABIN DA ZA KA YI DA WANNAN

Kada ka dogara da sanduna, kowane kamfani da yadda yake zana su. A yawancin wayoyin Android ka shiga Settings, About phone, ka nemi Status ko SIM status, za ka ga Signal strength da lambar dBm. A iPhone ka buga *3001#12345#* ka danna kira.

Idan an buɗe maka waya, ko da gilashi ko bakin caji kawai aka sauya, ka ajiye ta gefen wata mai layin kamfani ɗaya, duka a kan 4G, ka kwatanta lambobin. Bambancin 2 ko 3 ba abin damuwa ba ne, wayoyi sun bambanta. Idan ka ga 10 ko fiye, koma wurin mai gyara ka ce ya duba igiyar eriya da maɓallanta. Kuma ka yi gwajin a inda sabis ke da rauni, kamar ƙuryar ɗaki, ba a bakin titi ba.

Manhajar da ke cewa za ta ƙara maka sabis, ko 'yar takardar da ake liƙawa a bayan waya, ka riƙe kuɗinka. Manhaja ba ta da hanyar maido da abin da ya zube kafin LNA, takarda kuma ba amfilifaya ba ce. Fita waje, matsawa kusa da taga, hawa sama, ko cire murfi mai ƙarfe, sun fi su amfani. Mai rauta da eriyar waje kuma, ya gajarta igiyar da ke tsakaninsu iya yadda zai iya.

'Yan uwana masu gyara, ku saurari ƙas ɗin nan. Idan bai yi ba, a ɗaga a sake, kada a danne. Kuma idan mai waya ya dawo ya ce sabis ya ragu, kada mu yi saurin ɗora wa kamfani.

Wayar Inna sabuwar igiya Oga ya sa mata, kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba. Ni na kai mata da kaina, na tsaya a gindin darbejiya na kira shago, ta shiga. Yanzu duk wayar da aka ce min ƙauye za ta, sai na shiga da ita can ƙuryar sito na duba lambar kafin in miƙa.

Ku duba taku yanzu, ku faɗa min nawa ta nuna da kuma garin da kuke. Sai mun haɗu a darasi na gaba.